Kamfanin kwasar shara na layinmu: suna ɗauka kam, amma ina ake kaiwa?

Masu yawan tambayata a kan kamfanin nan da ke kwashe mana shara, ko ya cancanci mutum ya yi rajista da su ko ya ci gaba da bai wa almajiri yana kaiwa bola, to amsata a taƙaice ita ce ku yi, amma kar mutum ya yi shi kaɗai, ku haɗa kai da 'yan layinku tukunna, in ba haka ba kuɗinka kawai za ka dinga zubarwa ƙofar gidanka tana nan yadda take. Ba zan kama sunansu ba, irinsu sun yi yawa a Kano yanzu kuma tafiyarsu kusan ɗaya ce, abin da zan faɗa a kansu zai hau kan da yawa daga cikinsu. In maki ake so na ba su uku cikin biyar, kuma biyun da suka rasa ɗin ma gaskiya ba duka laifinsu ba ne, shi ya sa rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Tsarin nasu ba wuya. Za su zo su rubuta sunan gida, su shafa lamba da fenti a jikin get, su ba ka durom na roba mai murfi ko ka yi amfani da naka, sai biyan wata-wata, ko ka tura ta banki ko ka bai wa yaron da ke zagayawa da rasit. Alkawarinsu mota za ta shigo sau ɗaya a mako. Farashin da muka fara da shi ba shi ne yanzu ba, bayan cire tallafin mai a 2023 sun ƙara, suka sake ƙarawa, kuma ni dai ban ga laifinsu a nan ba tunda motar ba da ruwa take tafiya ba, amma duk da ƙarin bai kai abin da nake kashewa a data a wata ba, don haka masu cewa tsada ce ta hana su, a cikinsu akwai mai gaskiya akwai kuma wanda kawai bai saba biyan kuɗi a kan shara ba, a ganinsa abu ne da ake watsarwa a bayan katanga kyauta tun kaka da kakanni.

Abin yabo na farko, da rani suna cika alkawari. Ranar da suka ce za su zo suna zuwa, da sassafe za ka ji hon, yaran mota su bi gida-gida suna buga get suna "shara, shara". Ba sa raina durom komai nauyinsa, ba sa tsayawa ciniki, kuma in wani abu ya zube a ƙasa garin juyewa suna sa shebur su kwashe. Wanda ya taɓa fama da masu kura zai san darajar wannan, mai kura sai ya kalli shararka ya kalli motar da ke fake a gidan sannan ya yanka maka kuɗi, kuma in ya ɗauka Allah kaɗai ya san inda zai juye, wani lokacin kwana biyu kawai zai sha ya tuttule ta a kangon wani bawan Allah.

Na biyu, tunda muka fara da su, ƙona shara ta ragu sosai a layin. Da can duk yamma sai an cinna wa shara wuta a bakin kwata, leda da roba da tsumma da komai, hayaƙin nan baƙi mai ɗaci ya shiga ɗakuna ya kwana a labule, lokacin hunturu kuwa ya haɗu da hazo ya tsaya cak ba ya tashi, masu asma da tsofaffi su kwana tari. Wannan kaɗai ya isa in ce kuɗina bai faɗi ba.

To yanzu inda gizo ke saƙa. Damina na faɗuwa sai lissafi ya rikice. Motar tsohuwar tifa ce, layinmu kuma ba kwalta, ruwa ɗaya mai ƙarfi sai direba ya ce shi ba zai shigo ya kafe ba, sai mako ya wuce, wani ya biyo baya, durom ya cika ya tumbatsa, tsutsa ta fara fita tana bin bango, kuɗa kuwa ba a magana. Ka kira lambar ofis ba a ɗauka, in an ɗauka a ce maka "ai mota tana gareji Alhaji, gobe in sha Allahu", goben nan ba ta zuwa, amma ƙarshen wata na yi yaron rasit zai bayyana tsaf da bironsa a kunne, ba ragi ko na sisi. Wannan shi ne babban abin da na riƙe su da shi, in ba ka yi aikin mako biyu ba ai sai ka rage kuɗin mako biyu, ko ka turo masu kura su fitar da ita zuwa bakin titi inda motar za ta iya tsayawa, ba wani abu ne mai wahalar tunani ba. Kuma abin haushi lokacin da suka fi ɓacewa shi ne lokacin da aka fi buƙatarsu, don da damina ne mutane ke jiran a fara ruwa su fito da shara su juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Gaba kaɗan za ta toshe kwalbati ruwan ya dawo ya shiga gidan wani. Duk wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya lalata kayan mutane ya san toshewar hanyar ruwa ba wasa ba ce, ko da yake can har da gine-ginen da aka yi a kan magudana.

Sai yaran motar. Na tsaya na kalle su da kyau wata safiya suna aikin layinmu. Su huɗu ne ko biyar, ba mai safar hannu ko ɗaya, mutum ɗaya ne da takalmin ruwa sauran silifa, ɗayan ya ɗaure hancinsa da tsohon ɗankwali. Biyu su cicciɓi durom su miƙa, na sama ya karɓa ya juye ya tattake da ƙafa, kuma a cikin abin da yake takawa ɗin akwai fasasshiyar kwalba, akwai reza, akwai famfas, na ga sirinji da allurarsa a tsaye daga sharar wani gida da ke da mara lafiya. A gefen motar sun rataye manyan buhuna guda biyu, duk durom ɗin da aka juye na saman zai yi wuf ya tsamo gorar ruwa ko gwangwanin maltina ko wani guntun ƙarfe ya cilla a buhu. Na tambayi ɗayan ko na kamfani ne, ya yi dariya ya ce "a'a Baba, wannan namu ne, shi ne na shayi, albashin ai sai an ga dama". Kamfanin da ke karɓar kuɗin mutane duk wata ya kasa saya wa yaransa safar hannu da but, wannan ba maganar tsadar dizal ba ce, rashin kula ne kawai.

Amma abin da ya fi tsaya min, wanda shi ne ma ya sa na zauna rubutun nan, shi ne komai a haɗe suke tafiya da shi. Uwargida ta taɓa ɗaukar abin da zafi, ta ware gorori da ledar fiya wata a buhu ɗaya, ɓawon doya da ragowar abinci da tokar gawayi a bokiti, sauran tarkace a durom, yaran suka zo suka amshi gororin da murna suka juye ragowar biyun a wuri ɗaya suka tattake. Ba laifinsu ba ne, mota ɗaya ce ciki ɗaya, kuma inda za su kai ɗin ma rami ne ɗaya. Na tambayi direban inda suke zubarwa ya ce wani tsohon ramin da aka ɗebi ƙasa a bayan gari, in ya cika a nemi wani. Ka ga kenan abin da nake biya ba maganin shara ba ne, kuɗin mota ne, a ɗauke ta daga ƙofata a kai ta ƙofar talakan da ke zaune kusa da ramin, shi ya sha wari da hayaƙi, rijiyarsa ta sha ruwan da ke tsatsa daga juji.

Kuma in ka duba durom ɗin gidan Bakano da kyau, yawancin nauyinsa ba roba ba ce. Ƙasa ce ta sharar tsakar gida, toka, ɓawo, ganye, kashin awaki da na kaji, ragowar tuwo. Wannan duk taki ne. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗibar takin birni suna kaiwa gona, da jakuna da mangala a da, daga baya da tifa, har saye ake yi, tun kafin wani ya zo mana da turancin sake sarrafa shara. Abin da ya ɓata wannan harkar ita ce leda, yanzu in manomi ya sayi tifar shara sai ya zauna tsince leda da batir da kwalba, gonar ta koma fari da baƙi kamar an yi shanya, dabba ta ci leda ta kumbura ta rame, mahauta suna ciro ta dunƙule guda a tumbi. Da kamfanin nan zai ce mana ranar kaza ta mai ruɓewa ce ranar kaza ta busasshiya, wallahi da ya samu mai sayen ta farkon, nauyin da yake ja zuwa rami ya ragu, dizal ɗinsa ya ragu. Na faɗa wa wani babba a ofishinsu haka, ya ce mutane ba za su ware ba. Wataƙila da gaskiyarsa a kan wasu gidajen, amma ai bai gwada ba, kuma matan nan da ake cewa ba za su ware ba su ne fa suke ware gorar da za a zuba zoɓo da kunun aya, su ware gwangwanin madara, su ajiye tsohon bokiti su jira mai canji da kofuna ko faranti. Duk abin da ke da daraja ana ware shi ba tare da an yi wa kowa lacca ba.

Wanda ke yin aikin sake sarrafawa na gaskiya a garin nan ɗan jari bola ne, ba kamfani ba, ba hukuma ba. Shi ne ke yawo da buhu da ƙarfen tono ko da kura yana bin juji, ya kai wa mai sikeli a auna a kilo, ƙarfe daban, alminiyom daban, jan ƙarfe shi ne mai tsada, roba mai kauri irin ta kujera da bokiti da jarka daban, gorar ruwa daban kuma ita ma sai an ware fara da mai kala an cire murfi, kwali daban. Daga wurin mai sikeli sai dila, a niƙa robar a wanke a shanya a zuba a buhu, ta tafi masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai da Dakata ko a loda ta Legas, ta dawo mana a buta da bokiti da takalmin roba da baƙar leda. Duk wannan sarƙar ba wanda ya zauna a ofis ya zana ta, yunwa da kasuwa ne suka gina ta. Na san ƙorafin da ake yi da su kuma ba ƙarya ba ne, akwai ɓata-gari a ciki, an sace murfin kwalbati, an yanke wayar wuta, an ɓalle ƙofar kango, ko a Abuja a 2024 hukuma ta hana su yawo cikin gari saboda irin haka. Amma kora ba ta raba mu da gorar da suke tsincewa, in sun tafi tana nan a kwata. Abin da ya fi shi ne a yi musu rajista ta hannun masu sikelin da suke kai wa kaya, a ba su kati da riga, mai sayen murfin kwalbati a kama shi shi ma tunda ba don shi ba ba za a sato ba, kamfani irin namu kuma ya ɗauki na unguwa su dinga bin gida-gida ranar busasshiyar shara maimakon su jira sai an cakuɗa ta da famfas sannan su sa hannu su tono.

Akwai kuma sharar da ko ɗan jari bola ba ya kallo, kuma ita ce ke ƙaruwa kullum. Ledar biskit da ta taliyar yara da ta omo da ta madarar sacet, irin mai ƙyalli a ciki, roba ce da wani abu aka manne ba sa rabuwa, ba mai saye. Famfas ba mai saye. Farin takeawe ɗin nan mai kama da soso ba mai saye. Baƙar leda in ta sha mai da miya ba mai saye. To wannan nauyin wa? A nan ne nake ganin ana yi mana wayo da maganar "tsafta aikin kowa ne". Eh aikin kowa ne, amma ba daidai wa daida ba. Ni ban ce a zuba min madara a ledar da ba ta ruɓewa ba ta narkuwa ba, kamfani ne ya zaɓi haka don ya fi masa araha, ya ci ribarsa, ya bar ni da kwata da ƙaramar hukuma da ragowar. Kuma ba wai babu doka ba, hukumar NESREA ta tarayya mai kula da dokokin muhalli da aka kafa a 2007 tana da tsarin da ya ce wanda ya ƙera kaya ko ya shigo da shi nauyin mazubinsa yana wuyansa har bayan an gama amfani da shi, manyan kamfanonin lemo da abinci ma sun kafa ƙungiyarsu ta tattara robobi a 2018, sannan a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufa ta ƙasa a kan sharar roba. A takarda an gama komai. Abin da ya kamata a ce wannan takardar ta haifa shi ne a kowace unguwa akwai wurin da yaro zai kai gora ko buhun ledar fiya wata a ba shi kuɗi tsayayye, wanda masu kayan ne suka zuba kuɗin, har ma da irin ledar da kasuwa ba ta so.

Mu da muka girma da lemon kwalba ai mun san tsarin. Ba ka isa ka fita da kwalba daga shago ba sai ka kawo wata ko ka ajiye kuɗin kwalba, kuma ba ka taɓa ganin kwalbar lemo lafiyayya a bola ba, saboda kuɗi ce. Jamus abin da take yi kenan da gorar roba, santi 25 na kuɗin yuro a kan kowace gorar amfani sau ɗaya, ka mayar a ba ka abinka. Mu muna da shi muka sake shi da aka koma roba, kamfani ya huta da wanke kwalba da jigilarta, wahalar ta dawo kan unguwa.

Ɓangaren gwamnati kuwa, mutane da yawa ba su san cewa a kundin tsarin mulki na 1999 kwashe shara yana cikin ayyukan da aka lissafa wa ƙaramar hukuma ba, tare da kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a. A Kano hukumar jiha ce, REMASAB, aka fi sani da aikin a cikin birni, ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni kuwa, Birni da Kewaye da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, kowacce da sashenta na lafiya da 'yan duba-gari. A 2021 gwamnatin Ganduje ta miƙa aikin ga wani kamfani mai zaman kansa da maganar za a dinga juya shara ta zama taki da wutar lantarki, ba a yi nisa ba aka soke yarjejeniyar aiki ya koma hannun hukuma. Sannan a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a dinga bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To tsakanin jiha da ƙaramar hukuma da ɗan kwangila da kamfanin unguwa, talaka in shara ta taru a bakin layinsa bai ma san ƙofar da zai buga ba, kowa zai iya nuna masa ta gaba. Ni a ganina aikin gwamnati a nan ba sai ta zo ƙofata ta ɗauki durom ba, wannan ɗan kasuwa zai iya, mun gani. Nata shi ne abin da ɗan kasuwa ba zai taɓa yi don kansa ba: ta ware wurin zubarwa na gaske mai katanga da sikeli nesa da gidaje da rijiyoyi, ta sa wuraren tarawa a tsakiya don kar ƙaramar mota ta dinga zuwa bayan gari, ta ba kamfani lasisi da sharaɗi, in ya yi fashin mako biyu akwai lambar da zan kira a ci shi tara, ta kuma ɗauki nauyin lungunan cikin badala da unguwannin marasa ƙarfi inda mota ba ta shiga kuma ba mai iya biyan wata-wata. Don kamfani irin namu inda kuɗi yake nan yake bi, ba sadaka ya fito yi ba.

Shi ya sa in na ji ana ta ɗokin a hana leda kamar yadda Legas ta hana farin takeawe a Janairun 2024 ta kuma faɗaɗa zuwa wasu robobin a Yulin 2025, ko a ce Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya 2017, sai in ce madalla amma a bi abu daki-daki. Maƙwabtanmu Nijar suna da dokar hana leda tun 2014, ka tambayi masu zuwa Maraɗi ko a ganye ake ƙulla musu kaya a kasuwa. Ita kanta Legas ɗin ba ta taɓa fiya wata ba, don ta san ranar da ka hana shi ba ka kawo ruwan famfo ba ka hana mutane shan ruwa ne. Hana takeawe ɗin soso ina goyon baya gobe ma, akwai madadinsa. Amma maganar injin da zai mayar da shara lantarki alhali ba a iya kwashe ta daga Sabon Gari da 'Yan Kaba da 'Yan Lemo a kan lokaci ba, wannan an ɗora riga a kan wanda bai yi wanka ba. A fara da kwashewa a kan kari, sai wurin zubarwa, sai raba mai ruɓewa da busasshiya, a sa masu kamfani su biya kuɗin mazubinsu, sauran manyan burika su biyo baya. Tsaftar ƙarshen wata ma da ake tsare mutane a gida safiyar Asabar, amfaninta rabi ne in an yashe kwata an tara baƙin taɓo a bakin hanya ba motar da za ta ɗauke, ruwa ɗaya zai mayar da shi inda aka ciro shi.

Mu ma 'yan layi ba mu fita ba. A layinmu gidajen da ke biya ba su kai rabi ba, kuma cikin waɗanda ba sa biya akwai mai motoci biyu. Da daddare sai a turo yaro ya zo ya cusa ledar shara a durom ɗin wanda ya biya, ko a ajiye a gindinsa, da safe akuya ta yage ta watsa. Wani ya share gidansa tas ya fesa turare ya turo sharar waje, a ganinsa daga bakin get ba ruwansa. Masu shago kuwa kwali da leda a tura kwata. Direban da kansa ya ce min layin da gida biyar ne kawai ke biya ba ya fitar da kuɗin mai, shi ya sa in mota ɗaya ta lalace irin layinmu ake fara yadawa a tafi inda kowa ke biya, kuma na yarda da shi a nan. Abin da ya ɗan gyara mana shi ne da aka kai maganar wurin mai unguwa aka kuma yi sanarwa a masallaci bayan sallar isha, liman ya yi magana a kan cutar da maƙwabci, aka samu ƙarin gidaje, aka kuma yarda gidajen marayu da na zawarawa da ba su da hali a haɗa musu a cikin kuɗin layi su dinga zubawa a durom ɗaya babba a bakin transifoma. Tun daga nan in mun kira ofis da sunan layi gaba ɗaya muryar da ke amsawa ta canza.

Don haka mai son ya shiga, ku tara aƙalla yawancin gidajen layi kafin ku kira su, ku naɗa mutum ɗaya mai magana da su. Kar ku biya kuɗin wata uku ko shida gaba ko da sun yi muku ragi, wata-wata ya fi, kuma bayan aiki ba kafin aiki ba in za su yarda. Ku sa a rubuta ranar zuwa da abin da zai faru in sun yi fashi, ku karɓi lambar direba ba ta ofis kaɗai ba, ku tambaye su takardar izininsu da inda suke zubarwa, in suka fara kame-kame ku nemi wasu. Gora da gwangwani da kwali ku ware ku bai wa yaran motar ko ɗan jari bolan da kuka sani a hannu, allura da reza da fasasshiyar kwalba a sa su a gorar da ke da murfi kafin a jefa a durom saboda ƙafar yaran nan. Ƙasar shara kuma in kuna da fili a zuba ta a gindin bishiya ko a cike rami da ita, ita ce ke cika durom a banza.

Sai Babbar Sallah. Ku yi magana da su tun ana saura mako, don su ma hutu suke tafiya, kuma kayan ciki da jini da ƙaho in suka kwana biyu a durom cikin zafi ba mai iya zama a layin. Bara mun haɗa musu ɗan ƙari suka shigo washegarin Sallah da yamma, bana ma haka muka shirya da su.